Hannun Baffa Isyaku

Malam Tasi'u mai zane ba ya ajiye littattafan da ya fi so a kan kanta. A cikin randa yake ajiye su, wata randa da bai taɓa bari a zuba mata ruwa ba, wadda ya saya a hannun maginan tukwane ya sa kafinta ya yi mata murfin katako. Yakan ce gara ba ta san hanyar cikin randa ba, ɓera kuma ba ya ɗaga murfi. Littattafai takwas ne a ciki. Sauran, har da guda goma sha ɗaya da shi kansa ya rubuta wa yara ya kuma zana hotunansu, suna jibge a zaure, wanda ya so ya ɗauka.

Yana da ƙa'idar karatu wadda ba ya saɓa mata. Da hantsi, bayan ya karya kumallo, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya wanke hannu ya goge, ya ɗauko littafi guda. Ba ya farawa da rubutu. Sai ya bi hotunan daga bango zuwa bango har sau uku, sa'an nan ya koma ya karanta labarin a fili, a hankali, yatsansa yana bin layi. Shekara ashirin ya yi yana zana zaki da ɗawisu a jikin manyan motocin da ke kwasar shanu daga kara, kasuwar dabbobi ta Wudil, ranar Juma'a kafin ya koma ga littafi, don haka har yau idonsa ya fi yarda da hoto.

Abu ɗaya ne ba ya iya haƙuri da shi, shi ne kuskure a hoto. A littafin wani jaki mai dakon gishiri ya tarar an ɗora mangala babu akumari, ya zana akumarin. A littafin tsuntsaye da wani malami ya kawo masa tsaraba daga Sudan an yi wa balbela ƙafar agwagwa, ya mayar mata da tata. Kayan aikinsa uku ne: reza ta kankare, farin fenti ya rufe, alƙalamin tawada ya sake zanawa. In aka yi masa magana sai ya ce, “Yaro yana gaskata hoto kafin ya gaskata malaminsa. Ba zan bar masa ƙarya a gaba ba.”

Bakwai daga cikin littattafan randar nasa ne. Na takwas, wanda ya fi so duka, aro ne.

Mai shi Malama Khaulat ce, wadda ke koyar da ilimin tsirrai a jami'a. Shekara uku da suka wuce ta zo saya wa 'ya'yanta littattafansa, hira ta yi daɗi, washegari ta aiko masa da shi. Sunansa Damina a Gidan Baffa. Mahaifinta marigayi, Malam Nu'uman, malamin firamare a ƙasar Misau, shi ya rubuta shi ya kuma zana hotunan da baƙar tawada, kusan shekara arba'in ke nan. Kaɗan aka buga, kuma wannan kaɗai ya rage a hannun danginsu. Labarin wata yarinya ce da ke bin wani tsoho, Baffa Isyaku, tun daga shuka har girbi. Ba a kashe kowa a ciki, ba dodo, ba sarki. Amma Malam Tasi'u bai taɓa ganin wanda ya zana hadari da layi huɗu har mai kallo ya ji ƙamshin ƙasa ba sai Malam Nu'uman. Har fason dugadugin tsohon yana nan, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai a hotuna tara tsohon da hannun hagu yake aiki. Da hagu yake riƙe hauya, da hagu yake karɓar goro, da hagu yake miƙa wa mai unguwa hannu, da hagu yake cin tuwo. Malam Tasi'u bai ɗora wa marigayin laifi ba. Ya san aikin masu maɗaba'a, domin shi ma an taɓa kifa masa hoto a Kano, dama ta koma hagu, sai da aka sake buga bango. Ya ce a ransa abin da aka yi wa bawan Allahn nan ke nan, ya rasu bai ga an gyara ba.

Shekara guda ya daure. A ta biyu littafin ya riga ya zama ɗan gida, har ba ya tuna ranar da ya shigo. Da hoton cin tuwo ya fara, don shi ya fi ci masa rai. Da ya ga ya yi kyau sai ya bi sauran, hoto guda a mako. Ya kwaikwayi hannun Malam Nu'uman har a kaurin layi, ta yadda ba mai ganewa sai ya karkata shafin ga rana. Ranar da ya gama na tara ya yi wa marigayin addu'a, yana jin ya sauke masa wani nauyi.

Wata Talata bayan la'asar Malama Khaulat ta yi sallama. Hajara, matar Malam Tasi'u, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi yara da aiki da zafin gari.

“Baba, kwana biyu na yi laifi,” in ji Khaulat. “Yau ma da buƙata na zo.”

“Laifin ɗa ai ba ya girma a gidan uba. Faɗi buƙatarki, Malama.”

“Goggona ce ta zo daga gida, Goggo Ummi, ƙanwar Abba. An yi mata aikin yanar ido a Kano. Shekara shida ba ta gani sai inuwa, yanzu kuwa har ƙwayar gero take tsinta a tabarma tana yi mini faɗan ɓarna. To ranar da aka cire bandeji, abin da ta fara tambaya littafin Abba. Ita ce fa yarinyar da ke ciki.”

Malam Tasi'u ya yi murna ƙwarai. “Ikon Allah! Mai ɗan kwandon nan? Ashe tana raye!”

“Tana raye, bakinta ma ya fi na da. Baffa Isyakun kuma kakana ne, mahaifinsu. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, abin da Abba ya zana shi ke nan abin da muke da shi. Ta ce so take ta sake ganin hannun nan.”

“Wane hannu?”

“Na hagun mana, Baba. Ai ka gani. Tun yana saurayi ya faɗo daga kan giginya, hannun dama ya shanye. Komai da hagu ya yi har ya koma ga Allah. Abba bai rubuta ba, don Baffa ya hana a yi zancen. Sai ya zana kawai.”

Malam Tasi'u ya dubi ƙofar ɗakin da randar take, ya sauke ido ga tabarma. Da ƙyar ya ce ta bari shi zai kawo da kansa ranar Asabar, ya gaida tsohuwa, don bai dace a aika mata da littafi kamar saƙon kasuwa ba. Khaulat ta yi godiya, ta ce wannan karamci ne, ta tafi. Kalmar karamcin ta fi komai ƙona shi.

Hajara ta raka ta ta dawo, ta tarar ya buɗe hoton cin tuwo a kan gwiwarsa. Ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta san aikin da ya yi, a gabanta aka yi.

“Malam, in tambaye ka mana. In masu buga littafi ne suka juya hoton, ita yarinyar da ke gefensa fa? Ga ta nan da dama take ci.”

Ya duba. Da dama take ci. Mai unguwa ma dama ya miƙa. Shekara uku yana bin hotunan nan, ya ƙidaya fason dugadugi, bai ga wannan ba.

“Me ya hana ki faɗa tun a lokacin?”

“Ni? Ranar da na ce ƙafar balbela ba ta tsare wa kowa hanya ba, kwana biyu ba ka ci tuwona da daɗin rai ba. Ai shi ke nan, an yi gyaran gangar Auzinawa.”

Ranar Laraba ya gwada ɗaga fentin da bakin reza a hoton karɓar goro. Fentin ya tashi, amma babu komai a ƙarƙashinsa, domin shi ba ya rufewa sai ya kankare tukuna, kuma ya iya kankara. Ya ƙara matsawa kaɗan ko akwai sauran tawada a jikin takardar, sai ga rana ta ɓullo ta wata 'yar huda kamar ƙwayar dawa. Ya ajiye rezar.

Ranar Alhamis bai yi karatun hantsi ba. Ya zauna a zaure yana saƙa da warwara. Da Hajara ta kawo masa fura sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, “In aka ce gara ta taɓa littafi, ai ba abin mamaki ba ne a garin nan.”

“Gara? A randar da ka cika Wudil da labarinta? Har mai kayan miya ya san gara ba ta shiga.” Ta dire kwanon. “Malam, gemunka ya yi fari. Ka ɓata musu littafi, kada ka haɗa da ɓata bakinka.”

Ko furar bai sha ba.

Ranar Asabar da hantsi ya sa babbar riga, ya naɗe littafin a cikin sabon ƙyalle, ya hau adaidaita zuwa unguwar da Khaulat take. A hanya ya shirya maganarsa tsaf: zai gaisa, zai riƙe littafin a hannunsa, ba zai miƙa ba sai ya faɗi abin da ya yi.

Ya tarar da Goggo Ummi a baranda, 'yar tsohuwa siririya, da baƙin tabarau irin wanda ake ba wa masu aikin ido, tana tsince wake a faranti. Khaulat ta gabatar da shi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata barka da samun lafiya.

“Kai ne mai zanen?” Ta ɗaga tabarau ta ƙare masa kallo. “Yadda Khaulatu ke yabonka na zaci saurayi ne, har na ce ko in yi wanka. Ashe sa'ana ne.”

“Hajiya, ai ko kin yi wankan, uwargida ta riga ta kulle ƙofa.”

“Matsoraci. To miƙo, na ga abin a hannunka.”

Ta miƙo hannu biyu. Bai kai ga furta maganar da ya shirya ba. Ya ga hannunsa ya miƙa littafin.

Ta goge tafinta a zane, ta warware ƙyallen, ta cire tabarau ta ajiye. A shafin farko ta yi dariya har da tafi. “Ga ni nan! Dubi ƙafafu kamar na kaza. Kwandon nan na Inna ne, satowa na yi.” Ta buɗe gaba. Ga tsohon zaune a gindin tsamiya, hannuwansa cikin riga. “Baffa,” ta ce a hankali, ta ɗora yatsa a gemunsa.

Ta buɗe shafin noma. Ta daɗe a kai. Ta kawo littafin kusa da fuskarta, ta nisanta shi, ta rufe ido ɗaya. Ta wuce zuwa na goro, ta wuce zuwa na mai unguwa, ta dawo baya.

“Khaulatu, likitan nan ya gyara mini ido kuwa, ko juya mini shi ya yi? Ɗaga hannunki na dama in gani.”

Khaulat ta ɗaga tana dariya. “Lafiya, Goggo?”

“To idon lafiya yake.” Tsohuwar ta sake duban shafin. Muryarta ta canza. “Ni da na riƙe a raina cewa Yaya Nu'uman da hagun ya zana shi. Haka nake ba jikokina labari. Ashe ƙarya nake yi musu. Ashe shi ma kunyar hannun Baffa ya ji, ya ba shi na mutane don kada 'yan birni su yi dariya.” Ta rufe littafin a kan yatsanta. “Allah ya gafarta maka, Yaya. Ban zaci haka daga gare ka ba.”

Malam Tasi'u ya ga hanya a buɗe: in ya yi shiru, marigayi zai ɗauki kayan, kuma marigayi ba ya musu. Ya zame daga kan kujerar da aka ba shi ya zauna a ƙasa.

“Hajiya, kada ki ɗauki alhakinsa. Da hagu ya zana, duka tara. Ni na canza.”

Ya ci gaba, kansa a ƙasa, bai rage komai ba: yadda ya zaci kuskuren maɗaba'a ne, yadda ya kankare ya rufe ya sake zanawa, yadda bai tambayi kowa ba alhali mai littafin tana nan cikin gari, da hudar da ya yi ranar Laraba. Har zancen garar da ya so ya laƙa wa laifi ya faɗa.

Khaulat ta karɓi littafin daga hannun goggonta. Ta fita bakin baranda ta karkata shafin ga rana. Ta buɗe wani, ta karkata. Yana jin motsin takarda, yana ƙidayawa a ransa har tara. Da ta juyo idonta ya yi ja.

“Aro na ba ka, Malam Tasi'u,” ta ce. Tun da suka san juna ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Ko 'ya'yana ban bari sun taɓa shi ba. Na ce wanda ya san darajar zane shi ya fi cancanta ya riƙe.”

“Haka ne, Malama. Ba ni da abin cewa.”

Goggo Ummi ta mayar da tabaraunta, sa'an nan ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Ka san ko mai unguwa sai da ya haƙura ya riƙa karɓar hagun nan? Wani malami ya ce masa ya riƙa sa cokali, ko ya ci a ɗaki shi kaɗai in an yi baƙi. Baffa ya ce wanda ya karɓi na dama shi ya bar masa na hagu, kuma bai ce ya ɓoye ba. A gaban kowa yake ci, da bisimillarsa. Shekara hamsin mutane suna so su gyara shi, ya ƙi. Sai da ya kwanta dama aka samu mai reza.”

“Ku yafe mini don Allah,” in ji Malam Tasi'u. “In kun yarda, na san kowane layi yadda yake a da. Zan iya mayarwa.”

“A cikin littafin nan?” Khaulat ta rungume shi a ƙirjinta. “Alƙalaminka ba zai sake taɓa shi ba. Kuma duk abin da ka zana, ba hannun Abba ba ne.”

“Gaskiyarki.”

Ya yunƙura zai tashi, don ya ga zamansa ba ya ƙara musu komai sai ɓacin rai.

“Ina za ka?” in ji tsohuwar. “Ka cinye mini uba ka kama hanya? Zauna. Khaulatu, kawo masa farar takarda da fensir.”

“Goggo, na faɗa miki ba zai zama na Abba ba.”

“Na ji ki. Wannan rashin ki yi kukansa, hakkinki ne, ni ma zan taya ki. Amma ni yau ba yayana na zo gani ba, ubana na zo gani. Idon nan ban san kwana nawa aka ara mini shi ba.”

Khaulat ta shiga ciki da littafin. Ta daɗe. Da ta fito babu shi a hannunta, sai takardu da fensir. Ta ajiye su a gefen tabarma, ba ta miƙa masa ba, ta koma ta tsaya a bakin ƙofa.

Malam Tasi'u ya ɗora takardar a bayan farantin da aka juye waken, ya fara da hoton noma. Layin farko ya karkace. Ya zana kafaɗa, ya zana hannun hagu riƙe da hauya kamar yadda ya tuna, na dama kuma a sake cikin hannun riga. Ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta cire tabarau ta duba. “Wannan ai mai hannu biyu ne da ya ga dama ya huta da ɗaya. Baffa ba haka yake tsayawa ba. Nauyinsa duk a nan yake.” Ta dafa bango ta miƙe, ta karkata kafaɗarta ta dama ƙasa, ta saki hannun ya yi lilo, ta ɗauki muciyar da ke jingine ta dafe ƙotarta a ƙugu da hagu. “Ka gani? Ƙugu ne hannunsa na biyu. Kai da aka ce ka fi kowa ido.”

“Na gani, Hajiya.”

“Ba ka gani ba tukuna. Ɗauki wata takardar. Sake.”

Ya ɗauki wata. Tsohuwar tana tsaye a karkace a gabansa, tana jira. Wannan karon bai sa fensir a takarda ba sai da ya daɗe yana kallonta.